Gyaran Kabad ɗin Inna

Tunda aka sallamo Inna daga asibiti aka wuce da ita gidan Yaya, gidansu ya yi wa Auta girma. Auta dai shi ne sunan da kowa ke kiranta da shi, duk da ta ba wa arba'in baya, furfura ma ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ita ce ke zaune da Inna tun rasuwar mahaifinsu. Ta taɓa aure, bai yi ƙarko ba, ta dawo da akwatinta ɗakin da ta tashi a ciki, ta kama aiki a wani shagon magani da ke bakin titi. Da safe ta fita, da yamma ta dawo su zauna a kicin ita da Inna, ɗaya na yanka ɗaya na juyawa, suna taɓa gulmar maƙwabta. Haka shekaru suka yi ta tafiya, har ranar da ta dawo ta tarar da Inna kwance a ƙasa kusa da wurin wanke-wanke, baki ya karkace, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa.

Yaya, wato babban wanta, shi ya ce a kai Inna wurinsa. Gidansa ya fi kusa da asibiti, ga mota, kuma likitoci sun ce sai an riƙa kai ta motsa jiki a kai a kai. Magana ce mai ma'ana, Auta ba ta ja ba.

"Na ɗan lokaci ne," in ji shi. "Ta samu ƙarfin jiki tukuna."

Bayan 'yan makonni ya kira ta a waya ya ce yana so a gyara gidan. Masu fenti za su zo su yi falo da ɗakuna, mai famfo zai duba bututu, in sun gama su shafa wa kabad ɗin kicin fenti shi ma.

"Kicin kam ka bar mini," ta ce. "Mutanen nan naka lulluɓe ruɓa kawai za su yi. Inna tana buɗe ƙofa ɗaya za ta gane."

Yaya ya ce, "To, in za ki iya. Amma fari za a yi masa."

"Kore Inna take so. Tun yaushe take faɗa."

"Fari, Auta. Ya fi haske."

Dariya ta yi ta ƙyale shi. Yaya tun suna yara haka yake, ko ruwa za a sha sai ya zaɓi kofi.

Kabad ɗin nan, mahaifinsu ne ya sa aka yi su tun Auta ba ta kai tsayin durowa ba. Jikinsu da sauran ƙwari, bakinsu ne ya ci duniya. Ƙasan na wurin wanke-wanke ya sha ruwa ya kumbura, in ka taɓa sai ya marmashe a hannu. Kusurwar babbar durowa ta guntule daidai inda Inna ke ƙwanƙwasa ludayi in tana kiran mutum. Siririn ɓawon da aka liƙa a gefen ƙofofin duk ya ɗaɗɗago, yana kama zane in an gifta. Akwai ma ƙofar da Yaya ya ɓalle wa gefe da keke, shekarar da aka saya masa ya ce sai ya koya a cikin gida.

Wanda ya yi kabad ɗin yana nan da rai a ƙarshen layinsu, kowa na ce masa Baba Kafinta. Ido ya yi rauni, hannu na rawa, ya daɗe da rufe shago, amma bakin yana nan da kaifinsa. Auta ta ɗauki hutu a wurin aiki ta je ta same shi. Washegari sai ga shi da sandarsa da wata tsohuwar jaka ta kayan aiki. Ya ja kujera ya zauna a tsakiyar kicin, ya ce a haɗa masa shayi tukuna, shi yanzu shugaban ma'aikata ne.

"Ina gwangwanin fentin?" ya tambaya.

Ta nuna masa.

"Kai shi ɗaki ki rufe. In kina ganinsa za ki yi gaggawa. Fenti ba ya rufa wa katako asiri, 'yar nan, duk ramin da kika bari sai ya nuna wa baƙi."

Ta kwance ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ta jera su a baranda. Ta wanke su da ruwan ɗumi da sabulu har maiƙon shekara da shekaru ya fita, asalin launin katakon ya bayyana, ta bar su a inuwa suka bushe. Sannan aka shiga aikin gyaran bakin katakon. Inda ya ruɓe ta kankare da wuƙa har sai ta ji wuƙar ta turje a kan lafiyayyen katako. Inda ɓawo ya ɗago ta zura gam a ƙarƙashi ta danne, ta ɗora galan cike da ruwa a kai. Inda ya guntule kuma sai foti, ƙullun nan da ake cike ramin katako da shi. Karon farko ta lafta shi da kauri don ta huta, da ya bushe ya tsattsage ya zauna ciki. Baba Kafinta ya lalubi wurin da yatsa ya yi dariya har da tari.

"Ke kwalliyar amarya kike yi ko gyaran katako? Kankare. Kaɗan-kaɗan ake sa shi, ya bushe, a ƙara."

Ta kankare tana ƙunƙuni. Ya nuna mata yadda ake jingina miƙaƙƙen falanki a gefen kusurwar da ta ɓalle, a cika foti a jikinsa, in ya kama a zare falankin, kusurwa ta fito a tsaye. Ya sa ta naɗe sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, a jikin wani guntun itace don kada yatsunta su yi wa wurin kwari. Mai kaushi a fara, mai laushi a gama, a share ƙura da tsumma mai ɗan laima. In ta ce ta gama sai ya ce ta kawar da kai ta bi bakin da yatsa. Duk inda yatsa ya ji gaɓa, ba a gama ba.

Hannunta ya yi kanta, farcenta ya kakkarye, farar ƙura ta shiga gashin girarta. Amma rabon da ta ji sanyi a ranta irin na kwanakin nan tun kafin ciwon Inna. Ta ce da Baba Kafinta tana so a kashe kaifin duk kusurwoyin ƙasa, don Inna yanzu ɓarin hagu ba ya jin bugu, tana iya gurjewa ba ta sani ba. Ya ce hakan ya yi. Ta zauna ta bi su da sanfefa har suka yi sumul kamar bakin cokali. Ta sauko da kantar kofuna ƙasa, inda mai zaune a keken marasa lafiya zai miƙa hannu ya ɗauka. Ta ari kujera mai faɗin keken ta yi ta tura ta tsakanin murhu da wurin wanke-wanke, tana duba inda za ta maƙale.

Kullum da yamma sai ta kira Inna ta ba ta labari. Harshen Inna ya yi nauyi, amma ana gane ta.

"Inna, kin tuna durowar da kike duka da ludayi? In kin gan ta yanzu sai kin rantse sabuwa ce."

"Allah ya yi miki albarka, Auta."

"Na sauko miki da kofuna ma. Ba sai kin kira kowa ba."

"Kin ci abinci kuwa?"

Haka Inna ke yi, da an ambaci gida sai ta karkata zance. Auta ta ɗauka kewa ce ke damunta, ta daina ja da nisa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Baba Kafinta bai zo ba, ƙafa ta matsa masa. Auta na durƙushe a kicin tana bin bakin ƙofar ƙarshe da sanfefa mai laushi, tana shirin in ta share ƙura ta shimfiɗa fentin farko, wanda ake sawa kafin na ainihi. Sai ta ji ana juya mukulli a ƙofar gida. Ta ɗauka Yaya ne. Amma wani mutum ne ya shigo, gajere mai fara'a, mukullai cike da hannu, bayansa miji da mata, matar da tsohon ciki.

"Sannu da aiki," in ji mutumin, ya juya ga baƙin. "Kun gani ko? Na gaya muku ana kan gyara."

Matar ta wuce Auta ta ja babbar durowa ta mayar, ta shafa bakinta. "Kai, aikin ya yi kyau. Baiwar Allah, ke kaɗai kike yi? Fari za ki sa ko? Mun ce fari."

Auta ta miƙe a hankali, sanfefa a hannu. "Ku su wane ne?"

Mutumin ya dube ta da kyau, ya ga ƙurar da ke jikinta ba ta hana shi ganin kamar da take yi da Yaya ba. Fara'arsa ta ragu.

"Hajiya, ko ke ce ƙanwar? Ni ne dillalin. Waɗannan su ne suka sayi gidan. Awon labule suka zo yi."

"Wane gidan?"

 Mijin ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Matar ta cire hannunta daga durowar kamar ta taɓa wuta.

"Gidan nan na mahaifiyata ne," Auta ta ce. Muryarta ta fito a daidai, ita kanta ta yi mamaki. "Wana ba shi da ikon sayar da shi."

Dillalin ya sosa ƙeya. "Ai Hajiya babba da kanta ta amince. A gabana aka yi, a falon Alhaji, wanki. Tun watan jiya an gama magana. Wallahi na ɗauka kin sani."

Ba ta san lokacin da suka fita ba. Ta dai tsinci kanta zaune a kujerar Baba Kafinta, tana kallon ƙofofin da ke jingine a bango, fotin da ke bakinsu fari-fari. Ta kira Yaya, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ko wanka ba ta yi ba, ta zura hijabi a kan kayan aikin ta tari mota.

Matar Yaya ce ta buɗe mata. Tana ganin fuskarta ta ce, "Auta, sannu da zuwa, bari in duba girki," ta shige ciki ba ta ƙara fitowa ba. Wato ita ma ta sani.

Inna na falo a kan kekenta, an rufa mata zane a cinya. Yaya na gefe da waya a hannu, wayar da ya ƙi ɗauka. Auta ta durƙusa ta gaida Inna yadda ta saba, sannan ta juya.

"Yaya, masu gida sun zo awon labule."

"Zauna mana, Auta. Dama ina so in zo mu yi magana. Mutumin nan bai da hankali, na ce masa kada ya kai kowa sai..."

"Sai na gama fenti?"

"Ba haka ba ne. Ki duba, Inna ba za ta iya komawa can ba. Kina fita tun safe, wa zai zauna da ita? In ta sake faɗuwa fa? Ga magani, ga asibiti, abubuwa sun yi yawa. Ni ma ba daɗi na ji ba, a gidan aka haife ni."

"Duk na ji. Me ya hana ka gaya mini?"

 Inna ce ta yi magana, a hankali, tana jan kowace kalma.

"Ni na hana shi."

Auta ta juyo. Tun a mota take shirya abin da za ta gaya wa Yaya, ta tanadi maganganu masu zafi, har da na keken da ya fasa kabad. Ba ta tanadi komai don Inna ba, domin a ranta Inna ma cutarta aka yi, an same ta da ciwo an lallaɓa ta.

"Ke, Inna?"

"Tsoron gidan nake ji, Auta. Ranar da na faɗi, tun safe nake kwance a ƙasan kicin, ina jin mutane suna wucewa a titi, na kasa kira. Ko an kai ni ba zan iya barci a ciki ba. Ni na ce a sayar."

"Da kin gaya mini ai da na fahimta. Ni na ɗauke ki daga ƙasan."

"Na san halinki. Za ki yi kuka, ki ce za ki bar aiki ki zauna da ni, ni kuma in kasa ce miki a'a."

"To da na ce zan gyara kicin fa? Kullum ina kiranki ina gaya miki na yi kaza na yi kaza. Na sauko miki da kofuna, Inna. Kina ji kina sa mini albarka."

Inna ta kawar da kai wajen taga.  "Na ji muryarki ta dawo, kina dariya. Na ce a bar ki ki gama. In kin sani hannunki zai mutu, aikin ya tsaya a rabi."

Maganar ƙarshen nan ita ta fi shiga. Auta ta dubi hannuwanta, ƙura a tsagar fata, gam ya bushe a gefen babban yatsa.

Yaya ya ga an yi shiru ya ɗauka wuta ta lafa. "Kuma ba wai an manta da ke ba ne. Rabonki yana nan ba wanda zai taɓa. Ga ɗakin nan na kusa da na Inna, an kwashe kayan da ke ciki, an sa gado. Ki dawo nan kawai. Kin ga dama ke kika san kanta, Antinki kuma yara sun yi mata yawa."

"Au, har an sa gado."

"Tun makon jiya."

"Wato ni ma an gama magana a kaina."

"Haba Auta, wace irin magana ce wannan?"

Ta miƙe. Ta gyara wa Inna zanen da ya zame daga cinyarta, don hannunta ya saba, ba don ta yi niyya ba. Inna ta kama gefen hijabinta da hannun dama.

"Auta."

"Sai an jima, Inna."

Ta zare hijabin a hankali ta fita.

Washegari Baba Kafinta ya dogara sandarsa ya zo, ya tarar tana haɗa masa kayan aikinsa a jaka. Ta gaya masa a taƙaice. Ya murza kan sandarsa.

"Na ga dillalin nan yana zagaya layin kwanaki," ya ce. "Na so in tambaye ki, sai na ce ina ruwan tsoho." Ya nisa. "Ƙofofin fa? In aka bar foti a buɗe zai sha laima, wahalarki ta tashi a banza. Ko shafa ɗaya ce ki yi musu."

"Masu gida su yi, Baba."

 Ya karɓi jakarsa, ta raka shi har bakin ƙofa.

Masu fentin Yaya ne suka zo suka ƙarasa, ta ji an ce a yini ɗaya suka gama. Ba ta je ta gani ba. Kafin lokacin wata abokiyar aikinta ta samo mata ɗaki ciki da falo a saman wani shagon ɗinki, ba nisa da wurin aiki. Ta kwashe kayanta da na Inna, ta aika na Inna gidan Yaya a mota, har da kofuna. Yaya ya yi ta kira, ya turo matarsa, ya turo kawunsu ya yi mata nasiha a kan haƙƙin uwa. Ta saurari kowa da ladabi, ta ce ta ji, ta gode. Gadon da aka sa mata kuwa har yau ba ta ga kalarsa ba.

Ba ta yanke zumunci ba. Duk ranar da ba ta da aiki takan je, ta gaida Yaya a tsaye, ta wuce wurin Inna. Ta duba magunguna ta ware na safe da na yamma, ta yanke mata farce, ta jiƙa hannun hagun a ruwan ɗumi ta murza yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda likita ya nuna. Babu abin da ta rage a hidima. Hira ce dai ta ƙare. Da, kafin ta ajiye jaka ta fara ba Inna labarin wanda ya zo sayen maganin tari ya ɓuge da ba da tarihin surukarsa. Yanzu in Inna ta tambayi aiki sai ta ce lafiya lau.

Wata rana tana murza hannun, Inna ta daɗe tana kallon tsakiyar kanta.

"Ɗakin naki yana da iska?"

"Yana da ita."

"Maƙwabta fa, mutanen kirki ne?"

"Ba laifi."

Sai Inna ta ce, "In na ƙara samun sauƙi, ki sa Yayanki ya kai ni in gani. Ko yini ɗaya in yi miki."

Auta ta ciro hannun daga ruwa ta naɗe shi a tawul, ta bi tsakanin yatsun tana tsanewa.

"Bene ne, Inna," ta ce. "Ba za ki iya hawa ba."

Ta ɗauki kwanon ruwan ta fita zubarwa.